Yadda Ɗorawa Ɗaya Ta Rufe Kamfanin Ukasha

Ranar ɗaurin auren 'yar maƙwabcina na sha kunyar da har yau in na tuna sai na gyara zaman hula. Muna zaune a ƙofar gida ana jiran liman, sai na ɗauko waya na ɗan taɓa wasan nan na kora shanu. Da liman ya iso na cusa wayar a aljihu, ban kashe wasan ba. Su kuwa shanu ba su san ana ɗaurin aure ba, suka ci gaba da tafiyarsu. Wakilin ango ya nema, waliyyi ya buɗe baki zai ce ya bayar, sai ga muryar tsohuwa daga aljihuna, tar kamar an kunna lasifika: "Kai marar kunya, fitar min da su kafin in iso!"

Dangin ango suka dubi juna. Ni kuwa na shiga lalube, aljihun babbar riga ya zama rijiya. Abin da ya ƙara wa abin gishiri, kowa a wurin ya san muryar. Ta mahaifiyata ce, ni ne kuma ɗanta na fari.

Wanda ya saka ta cikin waya taubashina ne, Ukasha, ɗan ƙanenta. Labarinsa nake so in bayar, da na kamfanin da ya kafa ya kuma rufe. Tun da nasa ne labarin, zan kira tsohuwar yadda yake kiranta, Gwaggo Furera.

Ukasha bai tashi a ƙauyenmu ba. Mahaifinsa, Malam Abdullahi, ma'aikacin ruwa ne a madatsar Tiga, a gidajen ma'aikata aka haife shi. Ya girma tsakanin masunta da manoman rani, amma bai iya jefa birgin kama kifi ba, fartanya kuwa in ya riƙe ta sai ka ce zai ba ta haƙuri. Abin da ya iya shi ne kwance abu. Rediyon babansa ya fara kwancewa, ya mayar, aka samu rarar kusoshi uku, rediyon kuma ya ci gaba da magana. Daga nan aka san inda ya dosa. Ya je Kano ya yi karatun kwamfuta, ya dawo a 2016 ya buɗe shagon gyaran waya a kasuwar Tiga, tsakanin mai suyar kifi da mai faci. Duk wayar da ta kwana biyu a shagon, mai ita zai karɓe ta tana ƙamshin karfasa.

Wata ranar kasuwa wani Bafillace ɗan Burumburum mai suna Habu ya kawo waya ta faɗa cikin ƙwaryar nono. Yana jira, ya ga Ukasha yana buga wasan tseren motoci. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Malam, duk wasannin nan babu mai saniya?"

"Wa zai yi tsere da saniya?" in ji Ukasha.

"Ba ka taɓa bin ta ba ranar da ta hango dawa, shi ya sa."

Habu ya jawo kwalin batir da biro, kafin wayarsa ta bushe ya zana saniya, da tozo da lebe da komai, har da irin kallon da take wa gonar mutane. Ukasha ya dubi kwalin, ya dubi Habu. A ranar aka kafa kamfanin haɗa wasannin waya na farko, kuma na ƙarshe zuwa yanzu, a kasuwar Tiga. Suka sa masa suna Sanda da Malafa. Kayan aikinsu kwamfutar cinya ɗaya ce da murfinta ya karye ake tokare shi da bulo, sai farantin sola a kan rufi. Ukasha ke rubuta wa na'ura umarni, Habu ke zane da ɗaukar sauti.

Wata takwas suka yi kafin Ukasha ya nuna wa abokinsa gwajin farko. Habu ya karɓi waya, ya danna, ya ga garke ya ja da baya a layi kamar tirela za ta shiga gareji. Ya ajiye wayar a hankali.

"Saniya ba ta ribas," ya ce. "Kuma ba a tuƙa ta. Kira ake yi. Ka kira ta gaba, saura su bi. In ka yawaita sanda su watse."

Ukasha ya ce wannan zai sa wasan ya yi wuya. Habu ya ce shi kiwon da sauƙi aka ce masa? Suka yi kwana uku ba sa magana sai ta bakin mai suyar kifi. A na huɗu Ukasha ya bi Habu ruga, ya wuni a bayan garke, ya dawo da ƙaya a ƙafa da sabon tunani. Ya rushe aikin wata takwas ya sake. A sabon wasan akwai uwar garke mai suna Saye, saniyar Habu ce ta gaske, kukanta ne ma a ciki. Kai mai wasa za ka taso da garke daga duwatsun Doguwa, ka biyo burtali, wato hanyar shanu da ke ratsa gonaki, ka wuce Tudun Wada, ka kai su mashaya a Tiga. In suka faɗa gona, mai gona ya yi maka faɗa. In suka faɗa sau uku, a kai ka gaban dagaci, ka koma Doguwa ka sake farawa. Sunan wasan Bi Burtali.

Dabarar da ta ɗaga wasan, ita ce kuma ta kayar da kamfanin, Ukasha ne ya kawo ta. Ya ce zangon ƙarshe kada a ƙirƙira shi. A sa ƙauyenmu na gaske, da gonakinsa, da sunayen masu su, da muryoyinsu. Habu ya bi gida gida yana ɗaukar faɗan mutane. Yawanci da sun ga waya sai su hau dariya. Gwaggo Furera kuwa cewa ta yi ita ba ta faɗa babu dalili. Sai Habu ya samar mata dalili. Ya jira ta baza kalwa a rana, ya sako mata ɗan maraƙi, ya laɓe bayan rumbu da waya a hannu. Muryar da ta fito ranar ita ce ta tashi ɗaurin aure.

Saura taswira. Ukasha bai san gonakin ƙauyen ba, sai ya nemi wani ɗan uwansa da ya ce ya san su kamar yunwar cikinsa. Ba sai na faɗi sunansa ba, mutum ne mai iyali. Suka hau babur da tsakar rana a bazara. Ɗan uwan nan ya sa sabon takalmi, ya ce ba zai sauka cikin ƙaya ba, daga kan babur zai yi bayani. Hannunsa ɗaya riƙe da hula, ɗaya riƙe da rake, don haka da baki yake nuni.

"Waccan babbar ɗorawar fa?" in ji Ukasha. "A gonar wa take, ta Gwaggo ko ta Baba Sabo?"

Ɗan uwan ya tsotsi rake, ya ƙanƙance ido. "Sa ta wajen Sabo. Ja mu tafi, rana."

Ukasha ya ɗiga ɗorawa a cikin gonar Sabo, suka wuce.

Wasan ya fito bayan girbin 2018. Ba a intanet aka sa shi ba. Ukasha ya ba masu cajin waya biyu a Tiga, su kuma suka riƙa tura wa duk wanda ya kawo caji. Daga waya zuwa waya ya kai Bebeji, ya tsallaka Kiru da Ɗansoshiya, direbobi suka hau da shi Doguwa. Manoma da suka shekara suna zagin makiyaya suka kama waya, suka ga Saye ta ƙi jin kira, suka daina zagin. Makiyaya kuwa da gangan suke sakin garke a gonar wanda suke jin haushi don su ji muryarsa. An ce wani ardo ya taɓa kai garke har Tiga ba tare da taɓa ko kara ɗaya ba, aka yi mako ana zuwa gaishe shi.

Mutane suka riƙa zuwa shago suna tambayar Ukasha yadda aka yi ya san gonakin haka daidai. Shi kuwa sai ya yi murmushi, ya ɗaga yatsa sama. Bai taɓa cewa tauraron ɗan adam ne ya ɗauko masa ba. Bai kuma taɓa cewa ba shi ba ne. Magana ta bazu cewa taswirar Ukasha daga sama aka sauko da ita, ba ta kuskure. Har wani kamfanin taki daga Kano ya aiko a duba ko za a manna sunansa a jikin rumbunan cikin wasan, don an gaya musu gonakin na gaske ne taku da taku.

To, ita ɗorawar nan ba ƙaramar bishiya ba ce a wurin Gwaggo Furera. Tun rabon gadon mahaifinsu take hannunta. Da kalwarta take daddawar da ake zuwa saye tun daga Burumburum, da ita ta riƙe gida tun rasuwar mijinta. Tana tsaye ne a bakin iyaka, rabin inuwarta a gonar Malam Sabo. Shi ya sa duk shekara in ta yi daddawar farko sai ta aika gidansa da ƙwarya guda, hakkin inuwa. Shekara talatin haka ake yi, babu wanda ya taɓa ɗaga murya.

Malam Sabo ba mugu ba ne. Tsoho ne dai da in abu ya shiga kansa sai an fasa kan. 'Ya'yansa suka nuna masa gonarsa a waya, da sunansa a rubuce, ga ɗorawa zaune a ciki. Ya sa aka ƙara girman hoton. Ya yi kwana biyu yana jinjina kai. Da bazara ta zo ɗorawa ta nuna, Gwaggo ta ɗauki doguwar gorarta mai ƙugiya ta nufi gona, ta tarar an kewaye gindin bishiyar da ƙaya. Sabo na zaune a inuwa.

"Malam Sabo, lafiya?"

"Lafiya lau, Furera. Ba ni na faɗa ba. Daga sama aka gani. Ashe shekara talatin ni ya kamata in riƙa aiko miki da ƙwarya guda."

Gwaggo ba ta taɓa zuwa shagon Ukasha ba sai ranar. Ta shigo da gorar a hannu, sai da ya taimaka aka karkata ta kafin ta shiga ƙofa. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa har ƙarshe, ta tambayi babansa, ta tambayi aiki. Sannan ta ce, "Ɗan nan, kun ɗauki muryata ban ce komai ba. Yanzu in na shiga kasuwa sai a riƙa ce min in fitar da su. Ban damu ba. Amma bishiyar me ta yi maka?"

Ukasha ya buɗe taswira ya duba, ga ɗorawa a gonar Sabo. Ya ce zai gyara yau yau.

"Ka gyara a taka," ta ce. "Ta hannun Sabo fa? Jibi dagaci zai zauna. Kwana goma in ba a kaɗe ta ba, jemagu da iska sun gama da ita."

Habu ya zo ya same shi ya dafe kai. Ukasha ya ce akwai hanya mai sauƙi, a ce na'ura ce ta ɗan zame, a roƙi Sabo a ɓoye. Habu ya ce Sabo ba zai saki ba muddin ya yarda daga sama aka gani, kuma shi Ukasha ne ya ɗaga yatsa. "In ka faɗi gaskiya mutanen taki sun tafi," ya ce, "kuma za a yi mana dariya daga nan har Doguwa. In ba ka faɗa ba tsohuwa ta rasa bishiya. Ni dai ita ta ba ni fura ranar da na saka mata maraƙi."

Ranar zama ƙofar gidan dagaci ta cika, har da waɗanda ba su da gona. Malam Sabo ya miƙa waya da hannu biyu. Dagaci ya sa tabarau, ya duba, garin dubawa ya danna wani wuri shanu suka faɗa gonar Gwaggo, muryarta ta tashi a waya ita kuwa tana zaune shiru a gefe. Sai da aka tsawatar kafin dariya ta lafa.

"Ukasha," in ji dagaci, "an ce wannan daga sama ka samo ta."

"Ranka ya daɗe, daga kan babur na samo ta."

Kafin dagaci ya buɗe baki, Ukasha ya ci gaba.

"Babu tauraro, babu awo. Ni ne na bari ana faɗa don yana min daɗi. Zagayawa muka yi da rana, ana nuna min ina ɗigawa. Ko sauka ba mu yi ba."

"Wa yake nuna maka?"

Ukasha ya sunkuyar da kai. "Wani ɗan uwa ne, ranka ya daɗe. Allah ya rufa masa asiri."

Gwaggo Furera ta gyara mayafi. "Na gane shi," ta ce. "Sai dai ni ba na faɗin sunansa."

Jama'a suka kwashe da dariya, wasu har da waigowa. Ni dai ina wurin, ban ga abin dariya ba.

Malam Sabo ya karɓi wayarsa ya juya ta gaba da baya. Ya ce to, in waya ta yi ƙarya, wa ya ce bakin mutane bai yi ba? Shi yanzu shakka ta riga ta shige shi. Nan Gwaggo ta ce a je gona. Ta ce ranar rabon gado tana budurwa, mahaifiyarsu ta ba da tsohon dutsen niƙanta da ya tsage aka binne a kan iyaka, don dutse ba ya ruɓewa, gara ba ta ci. Ita ta ɗauko shi a ka, har yau wuyanta bai manta ba. Aka ɗunguma da dagaci da fartanyoyi. Ta tsaya a gindin ɗorawa, ta fuskanci gonar Sabo, ta yi taku bakwai, ta dangwala gora. Aka tona babu komai. Ta ce ƙafarta ta budurci ta fi ta yanzu tsawo, a ƙara gaba kaɗan. Ukasha ya karɓi fartanya da kansa, yana sara kamar mai kashe kunama. A sara na kusan ashirin ƙarfe ya yi ƙara. Ga rabin dutsen niƙa, kwarminsa a sama. Ɗorawa na cikin gonar Gwaggo da taku takwas.

Malam Sabo ya tsuguna ya shafa dutsen. Ya tashi ya janye ƙayar da hannunsa. "Furera, a yi haƙuri," ya ce. "Ƙwaryar bana fa?"

"Za ta zo. Ƙarama."

Dagaci ya yanke cewa Ukasha ya gyara taswira, ya kuma bi ya goge tsohuwar. Gyaran bai ɗauki rabin sa'a ba. Gogewar ce ta gagara. Ya bi masu caji daga Bebeji har Doguwa a kan babur, ya goge a nan, kafin ya dawo wani direba ya sake kawo tsohuwar. Wasu ma ƙin yarda suka yi, suka ce ai mai kuskuren ita ce ta tarihi. Mutanen taki ba su sake kira ba. Aka yi ta tsokanarsa a kasuwa, in ya wuce a ɗaga masa yatsa sama.

Ya ce to zai yi Bi Burtali na biyu, mai kyau yadda kowa zai goge na farkon da kansa, kuma wannan karon ba zai ɗiga ko dashi ɗaya ba sai ya taka da ƙafa. Ya sayi igiyar awo, ya koyi yadda waya ke riƙe wurin da mutum ya tsaya. Kowace gona sai ya tara mai ita da maƙwabtansa huɗu da wani tsoho, a bi iyaka, a tono dutse ko tushen gamba, kowa ya ce ya yarda, sannan ya zana. Malam Sabo ne na farko a layi, ya ce tun da za a gyara, gonarsa ta fi yadda aka zana ta faɗi ta gabas. Aka auna, ta fi ƙanƙanta. Ya ce a bar ta yadda take a wasan.

Gona ɗaya takan ci wuni. Kafin ya gama ƙauyenmu, dagacin ƙauyen gaba ya aiko, 'yan uwa biyu na rikicin gado, a zo da igiya. Daga nan sai Kiru, sai Tudun Wada. Duk wanda aka auna wa sai ya ce a buga masa a takarda ya ajiye a akwati. Rani biyu suka wuce kwamfuta ba ta ga saniya ba sai iyakoki. Habu ya gaji da jira, ya zana shanu ɗari da wani abu babu inda za su yi kiwo, ya koma zanen allunan shaguna da jikin motoci. In ka ga motar itace a hanyar Doguwa da saniya a bayanta tana yi maka wani irin kallo, aikinsa ne. A 2021 suka sauke allon Sanda da Malafa, ba faɗa ba gaba, suka ci kifi a shagon maƙwabciya. Yanzu albasa ake ajiyewa a ɗakin. Wasan na biyun bai fito ba. Na farkon kuwa, mai ɗorawa a gonar Sabo, yana nan yana yawo.

Ukasha yau shi ake kira mai igiya. Ya yi baƙi, ya yi kanta a ƙafa, ya san tushen gamba daga nesa. Gwaggo duk shekara tana aika masa daddawa, ƙwaryarsa ta fi ta Sabo.

Washegarin ɗaurin auren nan na bi shi har wata gona a Ɗansoshiya don in kai ƙara. Na same shi tsugune yana buga turke. Na ce masa ya ja min abin kunya a gaban surukan mutane. Na ce dubi yadda ya ƙare, mai kamfani guda, wanda ake cewa yana magana da taurari, yau shi ne da jan igiya kamar mai kai akuya kasuwa. Na ce bishiya ɗaya tak ta kayar da shi.

Bai ɗago ba. Ya gama buga turkensa, ya miƙo min bakin igiya.

"Ni rana ɗaya na ga bishiyar, Yaya Uba, na ɓata," ya ce. "Kai shekara arba'in kana shan miyarta ba ka san gonar da take ba. Riƙe nan, kuma ka sauko daga kan babur ɗin."